Kason bincike da sikelin bakin kwata: nazarin abin da ya faru a gaɓar Niyok

A wani zama da muka yi a nan Abuja, mu kamar goma sha biyar masu hulɗa da harkar kifi ta fuskoki daban-daban, an kawo wata shawara da ta shiga raina nan take. Tun safe ake ta juya maganar tsadar binciken teku. Jirgin bincike ba ya barin tasha sai an cika shi da dizal, an biya ma'aikata, an yi gyare-gyare, kuma kowa a ɗakin ya san yadda kuɗin irin wannan aiki ke fitowa, a makare kuma a gutsure. Sai wani ya ce, to me zai hana kifin ya biya wa kansa kuɗin bincike? A ware wa wasu jiragen jan taru wata alfarma, ko izinin kamu fiye da na saura, ko damar shiga inda aka hana kowa, su kuma su riƙa ɗaukar masu bincike, su zuba wani abu daga cinikinsu a asusun aikin. Ya ce ai Amurka ma haka take yi.

Na goyi baya, har na ƙara da nawa. Akwai wani dattijo mutumin Yawuri a cikinmu, wanda ya tashi a gidan masunta kafin ya yi boko ya ƙare aikinsa na gwamnati a fannin kifi. Bai ce uffan ba sai da aka tashi sallar azahar. A wurin alwala ya dube ni ya ce, "Ɗana, na ji bayaninka. Amma idan jirgin nan ya dawo da tsakar dare, wa zai tsaya a bakin kwata ya ɗora kifin a sikeli?" Na ce, "Baba, ai akwai takardu. Mai jirgi zai cike tasa, mai saye ya cike tasa." Ya ce, "To je ka bincika yadda ta kaya a Amurkar."

Na je na bincika, kuma abin da na tarar shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Yadda aka gina shirin

Tun 1976 Amurka ke tafiyar da kamun kifin teku a ƙarƙashin dokar da ake kira Magnuson-Stevens, wadda ta raba ruwan ƙasar tsakanin majalisun yanki takwas. Wadda ta shafe mu a nan ita ce majalisar tsakiyar gaɓar Atlantika, mai kula da ruwan da ya tashi daga jihar Niyok ya gangara zuwa Karolina ta Arewa. Masana kan ƙiyasta yawan kowane irin kifi da ke cikin ruwa, sannan a fitar da adadin da za a iya kamawa a shekara ba tare da an karya iri ba. Wannan adadi shi ne kaso. Ana raba shi tsakanin masu sana'a da masu kamun nishaɗi, na masu sana'ar kuma a wasu nau'o'in a rarraba wa jihohi. Kowace jiha sai ta ƙayyade wa jiragenta nauyin da za su sauke a fita ɗaya, don kada kason shekara ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Ranar da ya ƙare kuwa, a rufe kamu.

A 2001 majalisar ta amince da wani shiri, aka fara aiki da shi a 2002. Kafin a raba kaso, za a iya yanke har kashi 3 cikin 100 a ajiye gefe da sunan bincike. Jami'o'i da cibiyoyi su kawo buƙatunsu, a tantance, wanda ya yi nasara a ba shi. Sai dai gwamnati ba ta ba shi ko sisi. Abin da ake ba shi kifi ne, kifin da ke yawo a cikin teku tukuna. Shi zai nemi wanda zai kamo ya sayar, a mayar da shi kuɗi.

Nau'o'in da shirin ya ƙunsa suna da dama, amma biyu ne ke kawo mafi yawan kuɗin: kifin da ake kira baƙin bas na teku, da wani faffaɗan kifi mai kwanciya a ƙasan ruwa da idanu biyu a gefe ɗaya, wanda masuntan yankin ke kira fuluk. A kan fuluk ɗin nan labarin ya fi tsayawa.

Mutum zai iya tambaya, me zai sa masunci ya biya kuɗi don kifin da shi zai sha wahalar kamowa? Amsar ita ce zuciyar lamarin. Wanda ke riƙe da kason bincike ana ba shi takardar izini ta musamman da ta ɗauke masa ƙa'idar nauyin fita ɗaya, ta kuma ba shi damar sauke kifi a lokacin da aka rufe wa kowa, lokacin da kasuwa ke yunwarsa farashi kuma ya hau. Ke nan ba kifin kaɗai yake saye ba, yana sayen 'yancin da maƙwabcinsa ba shi da shi.

Da farko tunanin shi ne mai bincike ya ƙulla da masunci kai tsaye, su yi aikin tare, su raba abin da aka samu. Amma malamin jami'a ba ɗan kasuwar kifi ba ne. Sannu a hankali sai mafi yawan kason ya koma hannun gwanjo, wanda wata ƙungiya ta masu masana'antar kifi ke shiryawa. A yayyanka kason ƙulli-ƙulli, masu jirage su taya, wanda ya fi tsada ya ɗauka, kuɗin ya tafi ga masu bincike. Har jiragen haya masu kai 'yan kamun nishaɗi suka shigo suna tayawa. Gwanjon ya sauƙaƙa wa masana, ya kuma ƙara kuɗin da ke shigowa. Abin da ya ɓace a hanya shi ne dangantaka. Mai jirgin da ya sayi ƙulli ba lallai ya taɓa ganin mai binciken ba, ba lallai ya san me ake bincika ba. Shi dai ya sayi takarda.

Kada a ɗauka shirin bai tsinana komai ba. Daga 2002 zuwa 2014 ya ɗauki nauyin ayyuka 39, da kuɗin da ya kai kusan dala miliyan 16. Mafi girmansu shi ne binciken ruwan gaɓa da ake kira NEAMAP, wanda cibiyar nazarin teku ta jihar Bajiniya ke gudanarwa tun 2007 a kan jirgin wani masunci, sau biyu a shekara. Buƙatarsa ta taso ne saboda sabon jirgin binciken gwamnatin tarayya, Henry B. Bigelow, ya yi girman da ba zai iya aiki a ruwa mara zurfi ba, alhali a nan ne ƙananan kifaye da yawa ke girma. Wannan aiki ne na gaske, kuma kifin da aka ware ne ya riƙe shi shekara da shekaru.

Inda ɓarakar take

Sai an fahimci halin da masuntan Niyok ke ciki kafin a gane abin da ya biyo baya. An raba kason fuluk na masu sana'a tsakanin jihohi ne bisa abin da takardu suka nuna kowace jiha ta sauke daga 1980 zuwa 1989. Karolina ta Arewa ta sami sama da kashi 27 cikin 100, Bajiniya sama da 21, Niyok kuwa kashi 7.6 kacal. Masuntan Niyok sun daɗe suna kukan cewa takardun wancan zamani ba su nuna hakikanin abin da suke kamawa ba. Ga shi kuma da tafiya ta yi tafiya kifin ya yi ta matsowa arewa, zuwa ƙofar gidansu. Sai ya zama mutum na kallon jirgin wata jiha ya zo ruwan da ke kusa da shi ya yi lodi ya juya, shi kuwa an ce 'yan kwanduna kaɗan zai sauke, ragowar ya mayar ruwa ko da ya mutu. Ban kawo wannan don wanke kowa ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma wanda zai tsara irin wannan shiri dole ya san inda matsi ya fi yawa, don nan ne zai fara tsagewa.

Ga yadda ake yi. A ce mai jirgi ya sayi tan 5 na fuluk a gwanjo. Ƙa'ida ita ce ya sanar kafin ya fita, in ya dawo ya ba da rahoton nauyin da ya sauke, a cire daga tan biyar ɗin har su ƙare. Yau ya fita ya dawo da kilo 900. Yana shigowa tasha yana duba bakin kwata. Idan ya hangi jami'i, ba abin tsoro, sai ya ciro takardar izini, ya rubuta 900 cif, komai bisa doka. Idan babu kowa, sai ya rubuta 100. Ta haka ƙullin da ya kamata ya ƙare a fita shida zai kai shi hamsin. Takardar ba ta ƙarewa, kuma duk ranar da aka tare shi tana nan a aljihu tana kare shi. Masuncin da ba shi da ita, ganin kifi mai yawa a jirginsa kaɗai ya isa hujja a kansa. Shi kuwa mai ita, sai an tsaya an auna, sannan a koma a gwada da abin da ya rubuta daga baya.

Waɗanda suka tsara shirin ba su manta da wannan gaba ɗaya ba. Sun dogara ne ga takardu biyu daga hannu biyu: rahoton mai jirgi da rahoton dillalin da ya sayi kifin. Idan suka saɓa, an kama zaren. Wannan ita ce amsar da na ba dattijon nan a wurin alwala, kuma ita ce ta rushe. A garin Freeport da ke tsibirin Long Island na jihar Niyok, an sami wani mutum da jirgin da kamfanin sayen kifin duk a hannunsa suke. Mai cike takarda ta farko shi ke cike ta biyu. Tsakanin 2009 da 2011 ya ɓoye fuluk kusan tan 39, wanda kuɗinsa ya kai kimanin dala 200,000. Ya amsa laifinsa a gaban kotun tarayya a 2013, aka ɗaure shi shekara ɗaya da kwana ɗaya. Wani kyaftin a wannan tsibiri ya ɓoye fiye da tan 130 na fuluk a kusan wannan lokaci, ban da sauran nau'o'i. Shi ba shi da kamfanin saye, amma ya sami dillalan da suka yarda su daidaita takardunsu da tasa, a biya abin da aka rubuta ta hanyar da za a gani, ragowar a miƙa ta bayan fage. Shi ma ya sha ɗauri, haka ma wani dillalinsa. Takardun shari'ar sun nuna har ya sauya wa shirin suna, daga abin da aka keɓe wa bincike zuwa wani laƙabi mai ma'anar sata.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari ba yawan kifin ba ne. Teku na da faɗi, tan ɗari da wani abu ba zai ƙarar da fuluk ba. Ɓarnar tana cikin alƙaluma. Ƙiyasin yawan kifi a kan ƙafa biyu yake tsaye: abin da jirgin bincike ya gani a ruwa, da abin da masunta suka ce sun cire daga ruwa. Idan ƙafa ta biyu ta gurgunce, lissafin duka ya karkace, masani ba zai iya sanin kifi nawa ya mutu ba, balle ya san nawa ya rage. Ke nan shirin da aka kafa don a gyara sani, shi ne ya zama ƙofar da ake gurɓata shi. Da hannun dama ana biyan kuɗin ƙirga kifi a ruwa, da na hagu ana ɓata ƙirgar wanda ya fito. Masunta masu gaskiya kuma sun yi asara sau biyu, an yanke kashi uku daga rabonsu tun farko, sannan kifin ɓoye ya cika kasuwa ya karya musu farashi.

Ga kuma nauyin sa ido. Jirage masu yawa, tashoshi barkatai, sauka ba dare ba rana, jami'an jihohi kuwa 'yan ƙalilan, kuma daga kuɗin gwanjon ba a ware musu komai ba. Jiragen haya sun fi wuyar bi, domin kifinsu ba ya biyawa ta hannun dillali, fasinja ne ke tafiya da shi gida. A gefe guda kuma an yi ta ƙorafi a kan ingancin wasu ayyukan binciken kansu, waɗanda aka kammala amma da masana suka tantance sai aka ga ba za a iya gina hukunci a kansu ba.

A watan Agusta na 2014 majalisar ta kaɗa ƙuri'a ta dakatar da shirin, aka mayar da kason bincike sifiri daga 2015. Binciken NEAMAP bai mutu ba, an samo masa kuɗi ta wata hanya. A 2021 da 2022 majalisar ta shirya tarukan bita don duba yiwuwar farfaɗo da shirin, kuma maganar da ta mamaye su ita ce wadda dattijon Yawuri ya yi mini: a ina za a sauke, da ƙarfe nawa, wa za a sanar tun jirgi bai iso ba, wa zai biya mai tsayawa.

Me ya sa na maƙwabta bai faɗi ba

Da labarin ya tsaya a nan, da sai in ce a jefar da shawarar baki ɗaya. Amma a arewacin wannan gaɓa, ƙarƙashin majalisar yankin New England, akwai irin wannan shiri da ya fara tun 1999 kuma ya ɗore. Nasu a kan sikalof ne, wata halittar teku mai ɓawo biyu irin makankari, wadda namanta ke da tsada ƙwarai. Ita ce ta sa tashar New Bedford ta shafe fiye da shekara ashirin tana kan gaba a duk Amurka wajen darajar abin da ake saukewa.

Asalinsa ma darasi ne. A watan Disamba na 1994 an rufe wasu manyan wurare a Georges Bank, wani yankin teku da ke gabas da gaɓar New England, don a ceto kifayen ƙasan ruwa da suka yi ƙaranci. Da aka bar wurin ya huta, sikalof ya yaɗu. Masunta suka ce akwai shi jingim, hukuma ta ce a kawo hujja. A 1998 masana suka hau jiragen masuntan suka auna tare, a 1999 aka buɗe wani ɓangare. Tun daga nan masu jiragen suka ga da idonsu cewa bincike na iya cika musu aljihu. Shekaru da dama ana ware kimanin tan 570 na naman sikalof duk shekara, ana biyan masu auna ƙasan teku da kyamara da na'urar kankare ƙasan ruwa, da masu ƙera kayan kamu da ke kauce wa kunkurun teku. Sakamakon kuma shi ke nuna wurin da za a buɗe baɗi da wanda za a bari ya huta.

Bambancin a fili yake. Halitta ɗaya ce, jiragen 'yan ɗari kaɗan ne kuma an san kowanne, kowane jirgi na ɗauke da na'urar da ke nuna inda yake ta tauraron ɗan adam, tashoshin sauka ba su da yawa, kuma mai bincike da mai jirgi su ke ƙulla yarjejeniyarsu fuska da fuska. Mai jirgin da ya yi ha'inci a nan, lissafin da zai buɗe masa ruwa baɗi yake ɓatawa, kuma abokan sana'arsa sun san shi.

Wasu wuraren sun bi ta wata hanya. A Tarayyar Turai, dokar sa ido ta 2009 ta ce kifin da aka kama da sunan bincike aka kuma sayar, idan ya wuce kashi 2 cikin 100 na kason ƙasa, abin da ya haura daga kasonta za a cire. Duniya kuma ba ta manta da shari'ar Ostireliya da Japan ba, inda a ranar 31 ga Maris 2014 kotun duniya ta yanke cewa izinin da Japan ke bayarwa na kashe manyan dabbobin teku na wel a tekun kudu ba don binciken kimiyya ba ne. Duk inda aka ce doka ta ɗaga wa mai bincike ƙafa, za a sami mai neman rigar bincike ya sa.

Mu kuma a ina muka tsaya

Wani zai ce ina ruwan mutumin Abuja da teku. Ruwansa kuwa, domin a nan ake rubuta ƙa'idojin da jirgi zai bi a Legas. Tun Agusta 2023 aka kafa ma'aikatar harkokin teku ta tarayya, sashen kula da kifi ya koma ƙarƙashinta. Ƙasar na da gaɓa mai tsawon kilomita kusan 853, da ruwan da ya miƙa mil 200 na teku. Dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta ba da kason nauyi suke aiki ba irin na Amurka. Lasisi ake bayarwa, a ƙayyade faɗin idon taru, milimita 76 na kifi da 44 na jatan lande, a kuma hana jiragen jan taru shiga mil 5 na farko daga gaɓa, don a bar wa masu kwalekwale, waɗanda su ne ke kawo mafi yawan kifin da ake kamawa a cikin gida. Muna da cibiyar nazarin teku a Legas tun 1975, tana da jirginta na bincike mai suna Bayagbona. Jirgin Dr. Fridtjof Nansen na ƙasar Norwe, mai aiki tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ma yakan zo mashigin tekun Gini, inda gaɓarmu take, ya yi awo.

Tunda ba mu da kason da za a yanki kashi uku daga cikinsa, abin da za mu iya sayarwa da sunan bincike alfarma ce tsagwaronta, wato ainihin abin da ya lalata shirin Niyok. Mafi tsada a cikin alfarmomin kuwa ita ce shiga mil biyar ɗin nan, inda jatan lande da 'ya'yan kifi suke. Wannan ban yarda a taɓa ta ba ko da nawa za a biya. Ranar da jirgi ɗaya ya sami takardar shiga, mai kwalekwalen da ya hango fitilar jirgi da dare yana tsinka masa raga ba zai ƙara sanin ko mai izini ne ko ɓarawo ba, kuma ba shi da hanyar tambaya. Mutanen Argungu sun san wannan tun kafin a yi boko. Ruwan Matan Fada na tara kifi ne saboda an hana kowa taɓa shi har ranar buki. Da Sarkin Ruwa zai ba mutum biyu izinin jefa homa da dare, ko da dalilinsu mai kyau ne, da ba a ƙara tsare ruwan ba.

Akwai kuma matsalar da ta fi ta Niyok. Can dai kifin na isowa kwata. A yankinmu yana iya canza hannu tun a tsakiyar ruwa, jirgi ya sayar wa kwalekwale. A Gana har suna gare shi, saiko, kuma dokarsu ta haramta shi. Saboda haka mai sikeli a tasha kaɗai ba zai wadatar ba, sai da mai sa ido a cikin jirgin, wanda albashinsa da abincinsa da tsaron lafiyarsa ba su rataya a wuyan kyaftin ba.

Duk da haka akwai inda muka fi su sauƙi. Jiragen jan tarunmu ba su da yawa, kamfanoni ne sanannu, kuma mafi yawansu a Legas suke sauka. Ta wannan fuska mun fi kama da masu sikalof. Abin da na rubuta wa abokan zaman namu ke nan: in za a yi, to kada a yi gwanjo. Jirgin da ya ɗauki masu bincike shi zai ci moriya, moriyar kuma ta zama wadda ake iya gani daga ofis, kamar rangwamen kuɗin lasisi, ba wadda sai an bi jirgi cikin dare ba. A rubuta tambayar da binciken zai amsa tun kafin jirgi ya tashi, a kuma buɗe alƙaluman ga kowace jami'a, ta Jos ce ko ta Kalaba. Kuɗin masu awo da masu sa ido kuma shi za a fara cirewa kafin a taɓa komai. Idan bayan an cire shi ba abin da ya rage wa bincike, to mun gane tun da wuri cewa shirin bai kai ba.

Kwanaki na biya kasuwar kifi ta Kado sayen katan ɗin titus. Wannan kifi daga arewacin Atlantika yake zuwa, inda tun 1977 ƙasashen Turai ke haɗa jirage duk bayan shekara uku su ƙirga ƙwansa a ruwa don su san yawan iyayen. Hajiyar da nake saye a wurinta ta sa yaronta ya yanke igiyar katan, ya kakkaɓe ƙanƙara, ya juye kifin a faranti ya ɗora a sikeli a gabana, alhali nauyin na rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Na ce, "Hajiya, ai na yarda da ke." Ta ce, "Alhaji, ba maganar yarda ba ce. Ni ma da aka kawo mini sai da na auna. Duba allurar da kanka." Na sunkuya na duba.

Da muka sake zama, na kai wa dattijon abin da na rubuta tun kafin a buɗe taro. Ya sa tabarau ya karanta a tsanake, yana bin layi da yatsa. Da ya iso wurin masu awo sai ya tsaya, ya ce, "Mutum nawa ka sa a kowace kwata?" Na ce biyu. Ya ce, "Biyu ba za su yi dare da rana ba. Ɗaya zai yi ciwo, ɗaya zai je ganin gida. Kuma kada ka bar mutum a kwata ɗaya har ya saba da shayin kamfani." Ya juya bayan takardar, ya karɓi birona, muka fara lissafin daga farko.